Wuni ɗaya a Zanzibar: tudun yashin da teku ke ba da aronsa

Tun da muka dawo Katsina mutanen majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ke tambayata abu ɗaya: shin kuɗin da aka kashe a yawon nan na bakin teku sun biya? To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Sun biya, amma ba yadda masu sayar da tikitin suka zayyana ba.

Ɗiyata ce ta biya mana, ni da mahaifiyarta, kujera a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa da ke bin gaɓar gabashin Afirka. Mun baro gida cikin hunturun Janairu da rigunan sanyi, muka iske can zafi ake kamar watan Afrilu, don tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, lokutansu ba namu ba ne. Jirgin ya ba mu wuni ɗaya tak a Zanzibar. Tun da dare na sayi tikitin yawo a cikin jirgin, wanda takardarsa ta ce za a kai mu tsibirin Changuu, daga nan tudun yashi na Nakupenda, da abincin rana, da "sa'o'i masu yawa" a bakin ruwa. Wannan kalma ta "masu yawa" ita ce ta ci ni.

Jirginmu bai matsa gaɓa ba. Can nesa ya tsaya, ƙananan jirage suka riƙa kwasar mutane, kuma layin shiga kaɗai ya cinye mana fiye da sa'a guda. A bakin tsohon gari, wanda suke kira Mji Mkongwe, aka sake zuba mu a kwalekwalen katako mai inji da rumfa. Hajiya, wadda babban ruwan da ta taɓa gani shi ne dam ɗin Ajiwa, ta riƙe gefen katakon nan da hannu biyu tana ta Hasbunallahu. Rigunan ceto akwai, amma sai da na tambaya aka zaro su daga ƙarƙashin benci, biyu ma igiyarsu ta tsinke. Wannan laifi ne, ba kuma ƙarami ba.

Changuu tafiyar kamar rabin sa'a ce. Turawa na ce masa tsibirin kurkuku, saboda gidan yarin da aka gina a 1893, wanda ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, aka mai da shi wurin killace masu cuta. Abin kallo a nan kunkuru ne, irin na tsibirin Aldabra, waɗanda aka fara da guda huɗu da gwamnan tsibiran Seshels ya aiko kyauta a 1919. Wallahi wani ya kai turmin daka a kife girma, har ya fi. Wanda na tsaya kansa fatar wuyansa kamar tsohuwar jakar fata, da mai kula da su ya sosa masa sai ya miƙe bisa ƙafafunsa a hankali, ya lumshe ido kamar dattijon da ake wa aski. Sai dai kuɗin shiga ba ya cikin tikitinmu, a ƙofa muka ji, kuma an tara mu da yawa a lokaci ɗaya har ba ka iya ɗaukar hoto ba tare da ƙeyar wani ba. Minti talatin ya isa wurin. Mun yi fiye da sa'a muna jiran wasu.

Nakupenda ce ta fanshi wunin. Sunan da Suwahili yana nufin "ina son ki", kuma ba tsibiri ba ne, tudun farin yashi ne a tsakiyar teku, ba itace, ba gini, ba ko ciyawa. Mu mutanen arewa mun san yashi, a cikinsa muka tashi, amma wannan dabam ne: fari fat, laushi kamar garin gero da aka tankaɗe, ga shi ba ya ƙona ƙafa sosai. Ruwan kuwa kana tsaye a ciki har gwiwa kana ƙirga yatsunka. Abin da takardarsu ba ta faɗa ba shi ne tudun nan aro ne. Teku na cika ta janye kusan sau biyu a yini, wajen sa'a shida tsakanin cika da janyewa, wata ne ke janta, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ta fi cika sosai a farkon wata da daren sha huɗu. In ta cika, yawancin tudun na nutsewa. Saboda ɓata lokacin da aka yi da safe, mun isa ruwa ya riga ya juyo. Na ajiye takalmina nesa da ruwa da taku goma, kafin in gama shan kwakwa igiyar ruwa na lasarsu. Sa'o'in nan masu yawa ba su cika biyu ba.

A nan wani abu ya faru da ba zan manta ba. Azahar ta yi, ba buta, ba famfo. Sai na tuna hadisin da muka karanta a zaure tun muna yara, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Shekara kusan hamsin ina ɗauke da shi a ka ban taɓa ganin teku ba. Na durƙusa na yi alwala, da na kurkure baki gishirin ya kai mani har ƙwaƙwalwa. Na shimfiɗa rawanina na fuskanci gabas kamar yadda na saba, zan haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Sai matuƙin kwalekwalenmu, wani saurayi, ya taho da sauri yana cewa "Mzee, mzee, kibla," ya juya ni da kafaɗa zuwa arewa. Ashe Zanzibar kusan saitin Makka take ta kudu. Mu da muka mai da "gabas" da "alƙibla" kalma ɗaya! Hajiya ta ce, "Malam, yau ga ɗalibi ya gyara wa liman." Yaron ya bi ni muka yi jam'i, ruwa na matsowa bayanmu.

Abinci a ƙarƙashin rumfar tamfol aka yi shi, gashi kan gawayi: kifi, jatan lande, da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Halal ne, ba musu, amma halal dabam, iya haɗiya dabam. Hajiya ta kalle ta sau ɗaya ta koma kan abarba da mangwaro da soyayyen dankali. Kifin ya yi daɗi ƙwarai, da na san haka da na taho da yajina. Babu makewayi a tudun, babu inda mace za ta sauya kaya, don haka duk mai zuwa da iyali ya shirya tun daga jirgi.

Wani tarko kuma shi ne agogo. Suna gaba da mu da sa'a biyu, daidai da Saudiyya, sannan Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a: "saa moja", sa'a ta ɗaya, ita ce bakwai na safe. Da yaron ya ce za mu tashi "saa tisa", na ji tis'a ta Larabci na ɗauka tara na dare, har gabana ya faɗi don jirgi ba zai kai haka ba. Ƙarfe uku yake nufi.

Wasu abokan tafiya da suka yi ciniki da masu kwalekwale a bakin gaɓa sun biya kusan rabin abin da na biya, suka fara da Nakupenda tun ruwa na ƙasa. Sun fi mu morewa. Amma tikitin jirgi yana da kariya ɗaya: in kuka makara za a jira ku, wanda ya tafi da kansa kuwa sai dai ya bi jirgi da ido. Da zan sake, zan tambayi lokacin janyewar ruwa kafin in biya ko sisi. Cikin goma na ba su shida, huɗu daga ciki na yaron nan ne da tudun.

Tsohon garin ta gefe kawai muka gan shi, kasuwar Darajani ba mu taka ba, kanumfarin da Hajiya ta yi wa maƙwabta alkawari kuwa a kasuwar Katsina ta saye shi. Ni yashin da ya maƙale a aljihun rigata na kai majalisa a ƙullin leda. Wani magini a cikinmu ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai yi filasta da shi ba.