Kafin ku sayi babban jumel, ku samo abin da zai riƙe ƙaramin

Ƴan uwa na Yamai, ina gaishe ku daga Faransa, da fatan hazo bai matsa muku ba. Masu tambaya wane jumel, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, ya dace a saya don duba inda harsashi ya faɗa a filin wasan harbi, amsata ita ce ku dakata da maganar girma tukuna. Yawancin abin da muke ɗora wa laifin gilashi, laifin hannu ne. Jumel mai ninki 10 yana ninka rawar hannunka sau 10, har bugun zuciyarka sai ka gan shi a cikin hoton. Hudar harsashin .22 kuwa milimita 5.6 ce kawai. A nisan mita 50, ninki 10 zai kawo maka allon kamar yana mita 5 a gabanka, kuma mai lafiyar ido yana ganin huda irin wannan a mita 5, in dai hoton ya tsaya cik. In yana rawa, ko ninki 20 ka sa ba za ka ƙirga komai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a gabana aka yi shi a wani shagon kayan hangen nesa. Wani ɗan ƙungiyar harbi ya shigo da kuɗinsa a hannu, yana son jumel mai ninki 20, wai nasa 10x42, wato mai ninki 10, ba ya nuna masa huda. Mai shagon bai taɓa akwatin babban jumel ɗin ba. Tambaya ya fara yi: mita nawa kake harbi, wane harsashi, a tsaye kake dubawa ko a kwance? Da ya ji mita 50 ne, sai ya karɓi tsohon jumel ɗin, ya kama ɗan murfin nan mai tambarin kamfani da ke gaba, a tsakanin gilasan biyu inda jumel yake lanƙwashewa, ya murɗe shi hagu. Ashe rami ne mai zare a ƙarƙashinsa. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai siffar L, ya ɗaura, ya ɗora a kan ƙafa-uku irin wadda masu hoto ke ɗora kamara, ya fito da mutumin bakin titi ya nuna masa ƙananan rubutun wani allo can nesa. Mutumin ya karanta su tas. Ciniki ya ƙare a kan ƙarfen da bai wuce Yuro 20 ba, wajen jika 13 ke nan na sefa, babban jumel na ɗaruruwan Yuro kuwa ya zauna a kantarsa.

Har yau abin yana raina. Mai shago ya bar riba mai tsoka saboda ya san kayansa, kuma ya san mutumin zai dawo. Ku faɗa mini tsakani da Allah, masu sayar da jumel nawa ne a kasuwanninmu suka san wannan murfin yana buɗuwa? Abin da muka saba ji shi ne "wannan ya fi ƙarfi, alhaji, na sojoji ne", a miƙo maka ƙaramin abu mai nauyin kwalin ashana an rubuta masa 60x90 a jiki. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita. Sa ma'auni ka auna, in ka samu 35 ko 40 a inda aka rubuta 90, ka san lambar farko ma ƙarya ce. Kuma in ka kai gida ka ga hoto biyu-biyu, babu mai karɓar maka. A nan doka ta ba mai saye garanti na shekara 2 a kan sabon kaya, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Shi ya sa mai shago ba ya gigin yi maka ƙarya.

To, ga aikin kansa. Zaren ramin nan ba irin na bis ɗin da muka sani ba ne. Ma'aunin inci ne, ana rubuta shi 1/4-20: kaurinsa milimita 6.35, zare 20 a kowane inci, wato tazarar milimita 1.27 tsakanin zare da zare. Shi ne a ƙarƙashin kusan kowace kamara. Bis ɗin da ya cika shagunanmu, M6, kaurinsa milimita 6 ne, tazarar zarensa milimita 1. Da ido kamar uwa ɗaya ta haife su. Yana shiga murɗi ɗaya ko biyu lafiya lau, sai ya cije. A nan ne halinmu na "ƙara masa ƙarfi, zai shiga" yake yin ɓarna: a ɗauko filaya a matsa, zaren ramin ya mutu, tunda sau da yawa tagulla ce ko alminiyom mai taushi. Kuma ramin a jikin gaɓar jumel yake, in ka takura ta idanun biyu suna iya daina kallon wuri ɗaya, ciwon kai ya biyo baya. Bis ɗin gaskiya da yatsa biyu yake shiga har ƙarshe. Duk wanda ya nemi filaya, ba shi ba ne.

Tsawonsa ma abin lura ne. Zura tsinken ashana a ramin ka ga zurfinsa, ka tabbata abin da ya fito na bis bai kai ƙasa ba. In ya daki ƙasan ramin kafin ƙarfen ya manne da jikin jumel, za ka ji kamar ya ɗauru, amma jumel zai riƙa sunkuyawa da kansa. Wasar roba siririya ko ƴar fata a tsakani tana maganin wannan.

Ƙarfen L iri biyu ne. Jumel na da, mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka buɗe fiye da na ido, yana da fili a tsakiya, kowane ƙarfe zai shiga. Na zamani mai miƙaƙƙun bututu biyu kuwa matsattse ne, sai siririn ƙarfe. In ka sa masa mai faɗi, ba za ka iya matso da bututun daidai tazarar idanunka ba, ka yi ta ganin baƙi a gefe. Don haka ka fara daidaita jumel da idanunka har da'ira biyun su zama ɗaya, sannan ka ɗaura. Wanda ba shi da ramin sam, akwai ɗan gado mai ɗamarar roba da ake kwantar da shi a kai a ɗaure. Ga jumel mai nauyi ma wannan gadon ya fi L natsuwa, domin dogon ƙarfe siriri yana karkarwa in iska ta buga.

Inda Turawan nan suka ba ni haushi shi ne farantin da ke haɗa ƙarfen da kan ƙafa-uku, wato ɓangarenta na sama mai juyawa. Kowane kamfani da nasa. Farantin Manfrotto da aka fi sani ba ya zama a maƙallin Arca-Swiss, na Arca, mai faɗin kusan milimita 38, shi ma ba ya zama a nasu. Ka sayi kai a shago ɗaya, faranti a wani, ka zo gida su ƙi juna. Sannan shi kan da ƙafafun, wani bis ne dabam yake haɗa su, 3/8-16, ya fi wancan kauri. In kana saye daga nesa, zaɓi Arca, domin kamfanoni da yawa suna bin sa, ka kuma roƙi a haɗa maka da ƴar zoben da ke mayar da 1/4 zuwa 3/8. Wani abin takaicin, in maƙallin ƙafa ɗaya ya karye, da wuya ka samu mai gyara a unguwa. Sai a ce ka aika wa kamfani ka jira makonni, ko ka sayi sabo, kuɗin aikin ma yana iya fin kuɗin kayan. A irin wannan ranar mutum yake tuna kasuwar Katako ta Yamai, inda za ka miƙa wa maƙeri karyayyen abu da safe, ka je ka sha shayi, kafin azahar ya ƙera maka wani.

Kuma gaskiya ƙarfen L ba abin da ya fi ƙarfin maƙeranmu ba ne. Sandar alminiyom mai kaurin milimita 5, faɗin milimita 15 zuwa 20, a lanƙwasa ta kusurwa ta miƙe, tsayin sama ya kai santimita 8 zuwa 10, gindin ya kai 5. A ɓangaren sama a yi huda mai milimita 6.5 don bis ya wuce. A gindi a huda 5.1, a yanka zaren 1/4-20. Matsalar ɗaya ce, abin yanka zaren. Kada maigida ya ce maka na M6 zai yi. In babu, a huda gindin 6.5 a kama shi da noti na inci, bis ɗin kuwa a ciro daga farantin tsohuwar ƙafar kamara wajen masu hoto. A goge bakin ƙarfen sosai kada ya yanka robar jumel.

Ita ƙafa-ukun, kar a yaudare ku da ƴan sirara da ake sayarwa don waya. Jumel 10x42 yana kai wa giram 700, 15x56 ya haura kilo 1, 20x80 ya wuce kilo 2. Nemi kai da ƙafa da aka rubuta suna ɗaukar aƙalla ninki biyu na nauyin kayanka. Kai mai hannu irin na masu bidiyo ya fi kai mai ƙwallo daɗin aiki a nan, saboda kana bi daga allo zuwa allo a hankali, shi kuwa mai ƙwallo da ka sassauta sai jumel ya kife gaba ɗaya. Wajen kafawa, buɗe ƙafafun har ƙarshensu, ka fara zaro sassa masu kauri, sirara su zama na ƙarshe. Ƙafa ɗaya ta fuskanci allo, kai ka tsaya tsakanin biyun. Sandar tsakiya kuwa, bar ta a ƙasa. Da zarar ka ɗaga ta, nauyin duka ya koma kan sanda ɗaya, rawa ta dawo. Ka sayi ƙafar da ta kai tsayin idonka ba tare da ita ba. A ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar tsakiya rataya jaka mai kilo 2 ko 3, amma a bar gindinta ya ɗan taɓa ƙasa, in ba haka ba iska za ta riƙa lilo da ita. A kan rairayi, danna kowace ƙafa ta nutse har ta samu tauri, ko ka sa mata guntun katako. Cire igiyar wuya ko ka naɗe ta, ita ma iska tana kaɗa ta. In ka gama, ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa kana kallo: hoton ya natsu cikin daƙiƙa 2. In ya wuce haka, wani abu bai ɗauru ba, kuma yawanci farantin ne.

A filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin hukumar harbi ta Faransa, FFTir, za ka ga mai harbi da dama ya kafa abin dubawarsa a hagunsa, kusa har ya iya leƙawa ba tare da ya ɗaga ƙafa daga inda ya tsaya ba. Ba ya ɗora shi a teburin da bindiga take, don kowane harbi zai girgiza shi. Ba ya manna fuska da shi, gira kawai take kusantar robar. Mai tabarau ya naɗe robar ido ƙasa. Saitin ido kuma sau ɗaya ake yi: rufe gilashin dama, murza abin saiti na tsakiyar jumel har hagu ya fito fes, sannan rufe hagu ka gyara da zoben da ke idon dama, daga nan kar ka sake taɓa zoben. A manyan wurare irin cibiyar Shatoru, inda aka yi harbin gasar Olamfik ta 2024, na'ura ce take nuna maki a allon lantarki, amma a ƙananan ƙungiyoyi har gobe takarda ce da gilashi.

Ku san iyakar jumel kuma. A mita 25 da 50, ninki 10 ko 12 a kan ƙafa ya wadatar, ko da yake huda a cikin baƙin tsakiya tana wuyar gani in babu haske a bayan takardar. A mita 100 sai 15 zuwa sama. Daga 200 kuwa, hudar takarda aikin madubi mai ido ɗaya ne, mai ninki 20 zuwa 60. Inda jumel ya yi fice shi ne zaman duba wa wani na tsawon lokaci, domin ido biyu ba sa gajiya da wuri, filin kallo kuma ya fi faɗi. Masu harbin baka a mita 70 ma yana yi musu. Masu bindigar iska a mita 10 su duba takardar jumel kafin saye, don manyan da yawa ba sa fitar da abin da ke ƙasa da mita 15 ko 20.

Akwai abin da mai shagon nan bai sani ba, ku kun san shi: zafin Afrilu da Mayu. In ƙasa ta ɗauki rana, kawalwalniya tana tashi, kuma ninki yana ƙara ta. Da tsakar rana ninki 20 zai nuna maka allo yana ninƙaya, ninki 10 ya fi shi amfani. Ƙafa ba ta maganin wannan, sai dai ka duba da sassafe ko bayan la'asar, ka kuma ɗaga layin kallo daga ƙasa gwargwadon hali. Ƙura kuma tana shiga maƙallan ƙafa. Kar a zuba musu man moto kamar yadda muka saba yi wa duk abin da ya cije, man yana kama yashi ya cinye zaren. A kwance, a wanke da ruwa, a shanya. Gilashi a fara hure shi kafin a taɓa, goge shi da bakin rawani kuwa karce shi ne. Kar a bar jumel a cikin mota a rana, man cikinsa yana narkewa ya bi gilashi, kuma kar a bar shi kafe yana fuskantar rana inda yaro zai leƙa, makanta ce nan take.

Da halin tsaron da ake ciki, kada kowa ya kafa jumel a kan ƙafa kusa da bariki, gada ko filin jirgi, a tsaya inda aka ba da izini. Mai ɗan uwa da zai zo hutu daga Turai, ya roƙe shi siririn ƙarfen L, faranti biyu na Arca, bis 1/4-20 guda huɗu, da abin yanka zaren guda ɗaya don a bai wa maƙeri. Dukkansu aljihun jaka ɗaya zai ɗauke su.