Hattara da mai tallar "jirgin Liberty na ƙarfen asali"

Salam jama'a, musamman ku masu tara ƙananan jiragen ruwa na ado. Akwai wani bawan Allah da ke yawo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp yana tallar ɗan ƙaramin jirgin Liberty (samfurin jiragen dakon kaya da Amurka ta ƙera a yaƙin duniya na biyu), wai da ƙarfen jirgin Jeremiah O'Brien aka ƙera shi, wai jirgin ya nutse a Normandy, gaɓar tekun Faransa, a 1944 aka tsamo ɓaraguzansa, har da satifiket mai hatimi yake turo maka don ka saki jiki. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta.

Jeremiah O'Brien bai nutse ba. An ƙera shi a 1943 a jihar Maine ta Amurka, ya yi jigilar kaya da sojoji zuwa Normandy lafiya lau, kai a 1994 ma da injinsa ya sake komawa can bikin cika shekara 50 da saukar sojojin ƙawance a Normandy, kuma yanzu haka yana San Francisco mutane na biyan kuɗi suna shiga kallo. To ƙarfen wa aka yanko? Shi da jirgin John W. Brown da ke birnin Baltimore su ne biyun da suka rage masu iya tafiya, cikin jiragen Liberty 2,710 da Amurka ta ƙera daga 1941 zuwa 1945. Jirage ne na dakon kaya da aka dinga haɗawa da walda saboda sauri, don jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da na Birtaniya, har akwai wani jirgi mai suna Robert E. Peary da aka haɗa aka tura ruwa cikin ƙasa da kwana 5 a 1942. Mutumin ko wannan bai sani ba, sunan kawai ya tsinta a jikin kwali.

Sai maganar girma. Yana rubuta sikel 1/350, wato jirgin gaske ya ninka na adon sau 350 a tsawo. Tsawon jirgin Liberty kusan mita 135 ne, in ka raba da 350 ya kamata ka ga wajen santimita 38. Abin da yake aikowa, in ma ya aiko, bai fi santimita 19 ba, wato 1/700 kenan, roba ce zalla aka fesa mata fenti ruwan toka. Hoton da yake sawa kuwa da gani na kamfanin Trumpeter ne, irin wanda ake saya a kwali ka haɗa da kanka da gam, wani gwani ya haɗa nasa ya ɗora a intanet shi kuma ya kwafe.

Salonsa ɗaya ne, ka tura rabin kuɗi, bayan kwana biyu ya ce kaya sun maƙale a kwastan sai ka ƙaro, kana fara ƙorafi ya yi bulokin ɗinka.

Don Allah kar wanda ya tura ko sisi. In ya matsa, ka ce ya kira ka ta bidiyo, ya ɗora rula a jikin jirgin sannan ya manna masa mayen ƙarfe kana gani. Wanda kuma ya riga ya tura, ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan kafin a kwashe kuɗin.