Boba ko copa: wanne ya dace da hanyoyin Hawai?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hotunan baburan da aka sake wa fasali a Honolulu, babban birnin jihar Hawai ta Amurka, wasu gajeru a dunƙule, wasu dogaye, kana tambayar bambancinsu. Gajeren sunansa boba, dogon kuma copa.

Boba ne babba a shekaru. Tun wajajen 1930 masu babura a Amurka ke cire madigadin gaba, su datse na baya, su yar da duk ƙarfen da bai da aiki don babur ya yi sauƙi. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka yi gwanjon baburan soja na Harley-Davidson WLA, abin ya ƙara yaɗuwa. Amma firam ɗin ba a taɓa shi, yadda kamfani ya ƙera haka yake zama.

Copa kuwa ɗan Kalifoniya ne, ya yi tashe a shekarun 1960, kuma shi firam ɗin ake yankawa. Mai walda zai buɗe wuyan babur, a sa dogayen ƙafafun gaba, tayar ta yi can nesa, siririya, hannun babur wani lokaci ya kai kafaɗa. Injin Panhead na 1948 zuwa 1965 da Shovelhead da ya gaje shi, duka ƙirar Harley-Davidson, su ne 'yan gata a nan. A miƙaƙƙen titi, wallahi kyansa sai wanda ya gani.

To amma Hawai tsibirai ne. Hanyar Hana da ke tsibirin Maui kaɗai tana da kwana kusan 620 da gadoji 59, yawancinsu mota ɗaya ke iya wucewa. Dogon gaban copa ba ya son matsattsiyar kwana, sai ka yi ta kokawa da shi, alhali boba kwantawa kawai yake yi ya wuce. Ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe: yawan ƙyalli, yawan gogewa, in ka yi sake tsatsa ta kama. Kayan gyara kuma sai sun ƙetaro teku daga Kalifoniya, kusan kilomita 4,000, kuɗin dako na kanka.

Ni dai ina ganin girman wanda ya gina copa a Oahu, tsibirin da Honolulu take, don na san ya sha wahala. Amma da a can nake zaune, boba zan haɗa, baƙin fenti, kujera ɗaya, in kama titin Kamehameha zuwa arewacin tsibirin.