Transferology: shafin da ɗan wasa zai duba kafin ya amsa wa koci

Duk mai yaro da ke buga ƙwallon kwando a kwalejin shekara biyu a Amurka, yana kuma hangen babbar jami'a, ya sa shi ya buɗe Transferology tun kafin kociyoyi su fara kira. Shafin na kamfanin CollegeSource ne, ɗalibi ba ya biyan ko sisi. Ka shigar da kwasa-kwasan da ka ci, shi kuma ya nuna maka inda za a karɓe su, inda ba za a karɓa ba, da inda ake cewa wataƙila.

Ɗan yayata ne ya sa na san shi, lokacin da kociyoyi biyu ke zawarcinsa. Muka zauna ta waya, takardar sakamakonsa a gabana, ina karanto lambar kwas yana bugawa. Jami'a ɗaya ta kwashe kusan komai. Ɗayar, wadda ransa ya fi so, ta karɓi wasu kwasa-kwasan a matsayin na cike gurbi kawai, ba sa shiga lissafin digirin kasuwancin da yake nema.

A nan gizo ke saƙa. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ga manyan jami'o'i ta ce ɗan wasa ya kammala kashi 40 cikin 100 na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. A digiri mai kiredit 120 (kiredit shi ne makin da ɗalibi ke tarawa in ya ci kwas), kiredit 48 ke nan tun a matakin farko, kuma dole su zama masu shiga lissafin digirin da yake nema. In sun gaza, ko ya fi kowa iya jefa ƙwallo, benci zai ɗumama. Shi ya sa koci ke tura takardar yaro ofishin rajista kafin ya yi maganar tallafin karatu. Tun da aka buɗe kundin masu neman sauya makaranta a 2018, 'yan wasa sun yi yawa a kasuwa, koci ba ya jiran kowa.

Sai dai shafin ba alƙali ba ne. Makarantun da suka ba shi bayanansu kaɗai yake nunawa, kuma ba ya yi maka lissafin NCAA. Wannan sai ka ɗauki biro da kanka. Jami'o'i da yawa ma ba sa karɓar kwas ɗin da aka samu ƙasa da C. Abin da shafin ya nuna, a nemi magatakardan jami'ar ya tabbatar da shi a rubuce kafin yaro ya sa hannu.