HUT, MEMLS ko SMRT: Wace Manhaja Za Ka Ɗauka Don Lissafin Dusar Ƙanƙara?

Ƙannena na Aboabo da Asawase da ke karatun taswira da tauraron ɗan'adam a jami'ar KNUST ta Kumasi, mai neman digiri na biyu a Kanada ko Finlan yana iya samun kansa cikin aikin dusar ƙanƙara, alhali hazon hunturu kaɗai ya sani a Kumasi. Dusar hawa-hawa take kwanciya, kowane hawa da kaurinsa, nauyinsa, sanyinsa da girman ƙwayarsa. Igiyar maikurowef da ke fitowa daga ƙasa sai ta ratsa su duka kafin tauraron ɗan'adam ya auna ta. Ƙwayoyin sun fi watsa ta 37 GHz kan ta 19, kuma daga wannan gibin ake kintatar yawan ruwan da ke cikin dusar.

Ga manhajojin da ke lissafa yadda igiyar ke ratsa dusar. HUT ta Helsinki ta fito a 1999 da hawa ɗaya, a 2010 aka ƙara mata hawa da yawa. Tana da sauri, shirin GlobSnow na auna dusa daga tauraron ɗan'adam ma da ita ya yi aiki, sai dai lissafin watsuwarta daga gwaji aka samo shi.

MEMLS ta Jami'ar Bern, ita ma 1999, don hawa-hawa aka gina ta tun farko. Tana neman wani ma'auni na tazarar ƙanƙara da iska a cikin dusar. Amma an fi tafiyar da ita a MATLAB, wani dandalin lissafi na kwamfuta, lasisinsa kuwa da dala ake biya, kun san yadda kuɗinmu sidi yake. Fara duba ko sashenku na da shi.

DMRT-ML ta Grenoble, 2013, da harshen kwamfuta na Fortran aka rubuta ta. Tana ɗaukar ƙwayoyin a matsayin dunƙule-dunƙule masu mannewa, kuma auna wannan mannewar a fili aiki ne ja.

Ni dai SMRT zan ce ka ɗauka. Ghislain Picard da abokan aikinsa suka fitar da ita a 2018, kyauta ce, da harshen Python aka rubuta ta, ƙaramar kwamfutarka ta hannu ta wadatar. Tana lissafa wa rada mai aika igiya da na'urar da ke sauraren igiyar kawai baki ɗaya, kuma da sauya 'yan kalmomi za ka koma daga ka'idar MEMLS zuwa ta DMRT, wadda DMRT-ML ke bi, ka kwatanta sakamako kan dusa ɗaya. Wannan ne ya fi koya wa ɗalibi abu.

Kafin ka sauke ko ɗaya, tambayi malaminka wane ma'aunin ƙwaya aka ɗauko daga fili, kuma dusar busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya. In ta jiƙe, ruwan na shanye igiyar tun a saman, hawan ƙasa ba sa bayyana.