Kafin hunturu ya kankama: me mai babbar mota zai fara saya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kalambaina da asuba a watan Janairu ya san yadda abin yake. Manyan motoci sun yi layi, hazo ya rufe gari, yaran mota sun dunƙule cikin bargo, ga wani direba yana ta murza makulli, inji na gurnani amma ya ƙi kamawa. Nan take masu shawara za su taru. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce a zuba magani a tanki, wani ya miƙo gwangwanin feshi. Ni motoci biyu gare ni, DAF da Howo, albasa muke ɗauka daga Wurno da Goronyo zuwa kudu, kuma babu ɗaya cikin abubuwan nan da bai ci kuɗina ba. Maganata ga wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka ba ce.

Injin gas ba shi da fulogin wuta irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi, shi ke shanye zafin nan, shi ya sa tashin farko ke wuya. To amma sanyinmu na Sakkwato, ko a tsakiyar hunturu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Lafiyayyen inji ba ya jin wannan. Wanda ya ƙi tashi dama yana da ciwonsa, sanyi asirinsa kawai ya tona.

Maganin hana gas daskarewa, wanda ake tallarsa cikin 'yan kwalabe, ka bar shi a kanta. Gas yana ɗauke da wani abu mai kama da kakin kyandir da ke fara ƙullewa in sanyi ya kai wajen digiri 0, har ya toshe filta. Matsalar direbobin Kanada da Rasha ce, ba ta mai zuwa Illela ba.

Gwangwanin feshi kuwa, wanda ake fesawa ta bakin iska, tayar da mota yake da duka. Yana cin ringin fistin, kuma a injin da ke da hita mai ɗumama iskar da ke shiga yana iya kamawa tun kafin ya isa inda ake so. Hura wuta a ƙarƙashin tanki ma na ga masu yi, Allah ya kiyaye.

Batir yana da hujjarsa. Sanyi na rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Motocin nan bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu masu bolt 12 a haɗe, don haka in za ka canza, canza biyun tare. Tsohon zai ja sabon ƙasa. Amma kafin ka saya, kwance kawunan ka kankare farin garin da ya taru, sau da yawa iyakar ciwon ke nan. Baƙin mai kuma a zuba 15W-40 maimakon SAE 40 zalla, ya fi saurin zagayawa da safe.

Abin da ni zan fara saya, kuma zan sake saya ko sau nawa ne, shi ne filtar raba ruwa da gas, mai kofi a ƙasa wanda ake ganin cikinsa. Ana ɗaura ta tsakanin tanki da inji. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda bututu ke zuƙa. Da rana mota na tafiya ana girgiza shi, ba ka ganewa. Da dare ya kwanta, da asuba shi injin zai fara sha. Ga kuma motar da ta kwaso iskar Legas mai laima a tankin da ya yi rabi, ta zo ta kwana cikin sanyin arewa: raɓa ce za ta tsatso a jikin ƙarfen ta gangara. Filtar nan tana tare ruwan a kofi, tare da yashi da tsatsa, kuma da idonka za ka gani. Ga sababbin injuna masu kwamfuta abin ya fi tsanani, domin ƙarfin fesa mansu yana haura bar 1,600 a ma'aunin matsi, ɗigon ruwa da ƙwayar ƙura sun isa su lalata nozul. Racor, Separ, Fleetguard, Mann-Filter, Donaldson, duk sunaye ne na kirki. Na fi son Racor don kofinta garau yake, fam ɗin tsiyayewa, wanda ake kwancewa a ƙasan kofin ruwa ya zuba, a hannu yake, kuma cikinta kawai ake canzawa. Ka nemi mai maikiron 30 ko 10, wato ma'aunin ƙanƙantar dattin da take tarewa, a matsayin ta farko, ka bar ƙaramar filtar kamfani ta yi aikin ƙarshe.

Yadda na koyi wannan da ciwo ne. Hunturun bara waccan direbana ya makara a hanya, gidajen mai sun rufe, ya sayi jarka huɗu wurin 'yan bumburutu. Da asuba mota ta tashi tana farin hayaƙi tana tari, ba su yi nisa ba ta mutu da lodin albasa. Da na isa, bakaniken ya tsiyayo man cikin kwalbar lemo ya ɗaga ta saitin rana. Kusan yatsa biyu na ƙasa ruwa ne mai launin shayi, sama kuma sai warin kananzir. Ya ce, "Alhaji, wanga ba gas ba ne, haɗi ne." Nozul shida da famfon da ke tura musu mai muka rasa, albasa ta kwana uku a bakin titi.

Kananzir ba shi da santsin gas, kuma da santsin nan famfo ke rayuwa. Babu filtar da ke cire shi, sai hanci da ido. Duk man da ba daga famfon gidan mai ya fito ba, a zuba kaɗan a kwalba a bar shi ya zauna kafin ya shiga tanki. In mai sayarwa ya fara gaggawa yana cewa ana jiransa, ka ja motarka.

Sai jabun filta, wanda ya fi ɓata mini rai, domin mutum ya biya kuɗin kariya an ba shi fanko. Akwai wadda kwalinta ya fi na gaske ƙyalli. Akwai tsohuwa da aka wanke da fetur aka sake yi mata fenti. Ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, ta jabu sakayau take. Ka leƙa ciki da fitilar waya: ninkin takardar ta gaske a jere yake, a matse, na jabu tsilla-tsilla, wani lokaci gam ya zubo a gefe. Ka matsa robar baki da farce, in ta bushe ko ta tsage ka ajiye. Ka duba ko lambar jikin filtar ta yi daidai da ta kwali. Rubutun da ke gogewa da yatsa ma alama ce. Mai shagon da ya hana ka buɗe kwali, ko ya ce "duk ɗaya ne, Alhaji", ko farashinsa ya yi rabin na kowa, ba abokin cinikinka ba ne. Haka dokar take ga filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa cikin 'yan kwanaki. A hure ta daga ciki zuwa waje, kada a buga ta da taya.

Yanzu dokar motocina biyu ce: a cika tanki kafin a kwana, kuma kafin a taɓa makulli da asuba yaron mota ya durƙusa ya kwance fam ɗin kofin, ya bar shi ya zuba har sai gas zalla ya fito. Tsohuwar filtar da aka cire kuma a kawo mini ita gida, ina yanka ta in ga abin da ta tare.