Na'urar sikanin mota: ta cece ni a gareji, ta cinye mini batir a gida

Ba ni na saya ba, ƙanena ne ya ba ni kyauta. Shi tseren motoci ya gama cinye masa rai. Duk ranar da ake Formula 1, ko waya ba ya ɗauka sai an kaɗa tutar nan mai zanen baƙi da fari. Da ya miƙo mini ɗan kwalin sai ya ce, "Yaya, da wannan za ka riƙa ganin cikin motarka yadda injiniyoyin can suke zama gaban allo suna kallon tasu tana gudu." Na yi masa godiya, na jefa a aljihun mota. Abin da bai fi kwalin ashana ba, me zai gano?

Ga wanda bai taɓa gani ba, ana soka ta ne a wata kafa mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, wadda ake kira OBD2. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci wannan kafar, Turai ta biyo baya da motocin fetur a 2001, don haka da wuya taka ta rasa. Sai ka haɗa da waya ta Bluetooth, manhajarta ta karanto maka abin da ƙwaƙwalwar motar ta rubuta. A cikin manhajar kuma akwai wurin ajiye lissafin kuɗin da motar ke ci. Zan dawo kan wannan, don har yanzu raina bai huce ba.

Wata biyu tana kwance ban waiwaye ta ba. Ran nan ina hanyar dawowa daga aiki sai fitilar cek injin ta kama, kuma ba ta tsaya cak ba, ƙyaftawa take yi. Mota ta hau rawa kamar mai zazzaɓi, in na taka totur sai ta yi nauyi. Bakaniken da na saba da shi yana da nisa, na lallaɓa na shiga garejin da ya fi kusa. Mai garejin ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya zagaya baya ya shinshina hayaƙi, ya dawo ya ce katalis ɗin da ke tace hayaƙi a jikin salansa ne ya toshe, sai an canza, wataƙila har da famfon mai. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama.

A zaunen ne na tuna da kyautar ƙanena. Na soka, na murɗa makulli, cikin minti ɗaya waya ta nuno P0302. Bayanin da ke ƙasa ya ce silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ashe lambar ƙarshe ita ce ke faɗin silindar: P0301 ta farko, P0302 ta biyu, in kuwa P0300 ce, to matsalar ba ta tsaya wuri guda ba. Na kira ƙanena, Allah ya so ni ba ranar tsere ba ce. Ya ce kada in yarda a kwance komai, a musanya kwil (abin da ke ba fulogi wuta) na silinda ta biyu da na ta uku tukuna.

Na ce, "Malam, don Allah a gwada mini wannan kafin mu je ga salansa." Ya dube ni, ya dubi wayar. "Yallaɓai, shekara nawa ina aikin nan, yau waya ce za ta koya mini?" Amma ya yi, na ba shi wannan. Noti ɗaya-ɗaya ne, bai kai minti goma ba. Muka goge lambar, muka zagaya da motar, fitila ta sake kamawa. P0303. Ciwo ya bi kwil ya koma silinda ta uku. Duk yaran garejin suka taru suna leƙen wayata. Kwil ɗaya na canza, na haɗa da fulogi huɗu tunda an riga an buɗe, motar ta koma lafiyarta lau.

In za a bi gaskiya, mutumin bai ɓata hanya gaba ɗaya ba. Man da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa ne cikin salansa ya ƙone a can, ya gasa katalis ɗin, kuma gargaɗin da ƙyaftawar fitilar ke yi ke nan. Da na ci gaba da yawo a haka na mako ɗaya ko biyu, da maganarsa ta tabbata.

Daga ranar na zama ɗan tallan abin nan ba ladan kowa. Duk wanda fitilarsa ta kama a wurin aiki, ni ake nema. Da a lokacin na yi wannan rubutu, da tauraro biyar na ba ta.

Sai tafiya ta kama ni, kwana goma sha ɗaya, na bar motar a ajiye da na'urar a soke. Na dawo na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Ko fitilar cikin mota ba ta kawo ba. Daga baya na gane cewa baki na 16 a waccan kafar kai tsaye yake ɗauko wuta daga batir, ko an kashe mota ko ba a kashe ba. A jikin kwalin kuwa ɓaro-ɓaro aka rubuta cewa na'urar tana yin barci da kanta. Wane barci? Na yarda batirin ya yi shekara uku, amma bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar. Aka jona da na maƙwabci ya tashi, aka yi masa caji, sai dai irin batirin nan in ya zube ƙasa warwas ba ya komawa yadda yake. Bayan mako uku na sayi sabo. Abin haushin, na'urar da kanta take nuna maka ƙarfin batir: wajen volt 12.6 in mota a kashe take kuma batirin a cike, wajen 14 in injin na aiki. Tana auna shi tana zuƙe shi.

To, ga maganar lissafi. Wata shida cur ina shigar da komai: in cika tanki, in rubuta lita da lambar kilomita, in sake cikawa in rubuta, ita kuma ta fitar da abin da motar ke sha a kilomita 100. Juyen baƙin mai, takalmin birki, wanki, har ƙwan fitila. A nan na lura shan man ya ɗan hau, na duba na tarar tayoyin baya duk sun rage iska. Na ji daɗin wannan sosai. Wata safiya manhajar ta sabunta kanta, na buɗe na ga an garƙame shafin, wai sai na riƙa biya duk wata. Ko in kwashe lissafina in kai wani wuri, shi ma sai na biya. Gumin yatsuna fa! Na aika musu saƙo sau biyu, amsa iri ɗaya ta dawo, da gani na'ura ce ta rubuta. Na koma wa ɗan littafi da biro.

Af, kuma injin kawai take karantawa. Da fitilar ABS, wato ta tsarin birki, ta kama a motar wani abokin aikina, cewa ta yi ba ta ga komai ba.

Tauraro uku na ba ta, na ukun ma albarkacin ranar garejin ne. Tana nan a aljihun mota, in fitila ta kama in soka, in karanta, in zare nan take. Ƙanena ya ce nan gaba abin auna iskar taya zai kawo mini. Na ce masa ya dubo wanda ba ruwansa da batir.